Wanda Ya Ci Zango Ɗaya, Ya Yi Tafiya?

A watan Afrilu na 2015 wani matashi ɗan asalin jihar Katsina, Suleiman Hashimu, ya taso daga Legas a ƙafa ya isa Abuja cikin kwana 18, don cika alwashin da ya ɗauka cewa zai yi haka idan Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Gidajen rediyo suka ɗauka, jama'a suka riƙa fitowa bakin titi suna tarbarsa, kafin a ce kwabo tattaki ya zama yayi: wannan ya tashi daga garinsu ya nufi gidan gwamna, wancan ya nufi Abuja. Yayin ya daɗe da lafawa, amma ya bar wani ma'auni a zukatan samari, har a garuruwa irin su Yalwan Damai da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Ma'aunin kuwa shi ne tafiyar ƙafa ba ta amsa sunanta sai ta yi tsawon da za a ba da labarinta. Saurayin da ransa ya biya ya gwada ƙafarsa zai ji nauyin cewa rabin yini zai taka ya dawo. Ko dai ya ambaci Kano, mai nisan fiye da kilomita 100, ko ya haƙura ya ci gaba da zama a majalisa.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ta wuce maganar tattaki, domin ta shafi duk wani aiki mai tsawo da mutum zai sa a gaba, na duniya ko na lahira. Wanda ya dubi doguwar hanya ya yanki ɗan yanki daga cikinta, ya ce wannan shi ne rabona a bana, himmarsa ce ta gaza ko niyyarsa ce ta gyaru? Ina ganin niyyarsa ce ta gyaru, kuma ina ganin addininmu da tarihin tafiye-tafiyen kakanninmu duk suna bayansa. Sharaɗi ɗaya ne, zan kuma dawo kansa, don shi ne inda maganar take da wuya.

A fara da mutanen da suka fi kowa sanin doguwar hanya a ƙasar Hausa, wato fatake. A da, ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau, yakan yi watanni a kan hanya, da jakuna da 'yan alaro da mata da yara. Madugu ne ke riƙe da ragamar ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki. Babu madugun da ke tashi da asuba yana lissafin Salaga. Abin da ke kansa shi ne zangon yau: ina ruwa yake, ina jakuna za su sami ciyawa, a ƙasar wane sarki za a kwana, me za a biya shi. Tsawon zango kuma ba mafi ƙarfi a cikin ayari ke yanke shi ba, jakin da ya fi rauni da yaron da bai saba ba su ne ma'auni, domin ayarin da ya watsar da na baya ya ba 'yan fashi abin da suke jira. Hanyar da ake kira ɗaya a baki, a ƙasa zanguna ce da aka jera. Darajar da zango ya samu ta kai har kalmar ta zama sunan garuruwa da unguwanni, daga Zangon Daura da Zangon Kataf zuwa unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara. Wuraren da aka tsaya aka huta su ne suka rayu, bayan ayarin da kansa ya zama tarihi.

Haka mahajjatan ƙasa suka yi kafin jirgin sama. Mutum ya bar gida ya bi ta Barno, ya shiga Cadi, ya ratsa Wadai ta Abeche, ya faɗa Darfur da Kordofan, ya ƙetare kogin Nilu ya kai Suwakin a bakin Bahar Maliya, sannan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, don ba a jere ake yin ta ba. Guzuri ya ƙare, a sauka a yi noman damina ɗaya, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da yara karatu. Bayan an buɗe gonakin audugar Jazira a Sudan a 1925 da yawa suka riƙa tsayawa can cirar auduga, su tara abin da zai kai su gaba. Ba wanda ya taɓa cewa alhajin da ya isa Makka a shekara ta biyar hajjinsa ya ragu saboda ya yi ta a gutsure. Ko a can ƙasar Larabawa, abin da ya sa ake tunawa da Zubaida matar Haruna Rashid shi ne tafkuna da rijiyoyi da masaukan da ta sa aka gina a hanyar Kufa zuwa Makka. Alherinta shi ne ta yanka hanyar gunduwa-gunduwa yadda mai rauni ma zai iya bin ta.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, zai tarar da wata mas'ala a babin rantsuwa da bakance. Mutum ya ɗora wa kansa zuwa Makka a ƙafa, ya kama hanya, ƙafa ta gaza. Hukuncinsa a mazhabar Malikiyya shi ne ya hau abin hawa ya ƙarasa, sannan in ya sami iko ya sake komawa wani karo ya taka wuraren da ya wuce a kan abin hawa. In kuma ya san ba zai iya ba, ya zauna ya yi hadaya. A tsaya a dubi abin da wannan hukunci ya ƙunsa. Ba a ce wa mutumin ya koma farko ya soma daga tushe ba. Abin da ya taka a karon farko an rubuta masa, yana nan a ajiye, na karo na biyu ya zo ya haɗu da shi su zama tafiya guda. Ke nan a idon malaman fiƙihu hanya abu ce da ke karɓar rabo, kuma yankin da aka taka da gaskiya ba ya ruɓewa don an koma gida an huta a tsakani. Idan haka hukuncin yake ga hanyar Makka, wadda aka ɗaure da alwashi tsakanin bawa da Ubangijinsa, ina ga hanyar da mutum ya zaɓa don lafiyar jikinsa da buɗe idonsa? Mutanen wasu ƙasashe sun iso ga irin wannan fahimta ta nasu ɓangaren. A Amurka akwai hanyar tsaunukan Appalachian mai kimanin kilomita 3,500, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kammalawa daga masu niyyar cinye ta a tashi ɗaya, kuma masu kula da ita suna ba wanda ya haɗa ta yanki-yanki cikin shekaru shaida iri ɗaya da ta wancan.

Mai ja zai ce wannan duk rangwame ne da aka yi wa wanda ya gaza, bai kamata a mayar da shi darasin farko ga wanda bai ko fara ba. Zai ce himma ba ta ga rago, kuma ai an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida wa Nana A'isha cewa ladan umrarta yana gwargwadon wahalarta da abin da ta kashe. Zai ƙara da cewa Malikiyya ɗin da ake kafa hujja da ita ita ce ta ce mai ƙarfin da zai iya takawa zuwa Makka, yana da sana'ar da zai ci da ita a hanya, hajji ya hau kansa ko ba shi da abin hawa. Wannan magana ce mai nauyi, bai kamata a ture ta da hannun hagu ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin wahalar da hanya ta zo da ita da wahalar da mutum ya je ya sayo wa kansa. Ta farko ana ba da lada a kan haƙuri da ita. Ta biyu kuwa hadisai sun yi ta rushe ta. Buhari da Muslim sun kawo labarin tsohon da aka gani yana jan ƙafa, 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi, saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa. Annabi ya umarce shi ya hau, ya kuma bayyana cewa Allah ba Ya bukatar azabar da tsohon yake ba kansa. 'Yar'uwar Uƙba ɗan Amir ta yi irin wannan bakance, aka ce ta taka ta kuma hau. Abu Isra'ila ya yi alwashin tsayuwa a rana ba zama ba magana yana azumi, aka ce ya shiga inuwa ya zauna ya yi magana, azumin kaɗai zai cika. A kowane ɗaya an tace aikin ne, an bar ibadar an zubar da azabar. Su ma malaman Malikiyya da suka wajabta hajji a kan mai iya takawa sun gindaya cewa kada wahalar ta kai matsananciya, kuma hanya ta kasance da aminci ga rai da dukiya. Abin lura kuma, a hadisin da ya yi bayanin sauƙin addini, misalin matafiyi aka kawo: a nemi taimako da tafiyar sassafe, da ta yamma, da ɗan yanki na dare. Wanda ya san sahara ne ya zaɓi waɗannan lokuta, ya bar tsakar rana don hutu.

Wani kuma ta ƙofar tawakkali zai ɓullo. Zai ce duk wannan aune-aune na ina ruwa, ina inuwa, ina tasha, alamar zuciyar da ba ta sakankance da Allah ba ce. Ka kama hanya kawai, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. An riga an amsa wannan tun zamanin sahabbai. Ibn Abbas ya ba da labarin wasu mutanen Yaman da ke zuwa hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane, har aya ta sauka a Suratul Baƙara tana umarni da yin guzuri. Matashin da ya fita daga Yalwan Damai a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40, da gora ɗaya da sabon takalmin da bai taɓa sawa ba, nauyinsa ya ɗora wa mutanen ƙauyen da zai faɗi a ƙofarsu, da ɗan acaɓan da zai kwaso shi, da iyayen da za su biya kuɗin asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai fafe ta tun da wuri bai fita daga cikin masu dogaro ga Allah ba.

To wane yanki ya dace sabon matafiyi ya zaɓa? A nan makarantar allo ta riga kowa amsawa. Alƙur'ani izifi 60 ne, kuma a rubuce Baƙara ce ke biye da Fatiha, amma babu malamin da ke ɗora ƙolo a kan Baƙara. Daga ƙarshen littafin ake fara masa, inda surori suke gajeru, yadda zai wanke allo ya ji daɗin ya gama wani abu kafin a rubuta masa na gaba. Ba a bi jerin shafuka ba, an bi ƙarfin yaro. Ranar da ya kammala kuwa sauka ake cewa ya yi, kalmar da ake faɗa wa matafiyin da ya iso masauki. Mai fara tattaki ma haka. Yankin da ya dace da shi ba lalle ne ya zama farkon hanya ba, ba kuma lalle ne ya zama wanda ya fi suna ba. Shi ne wanda ƙauyuka suke kusa da juna, kowanne da rijiya ko famfo da masallacin da za a yi alwala a miƙe ƙafa, kuma wanda in ƙafa ta yi bororo a tsakiyarsa akwai inda za a sami abin hawa a koma gida. Mai lafiya yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda bai saba ba, kilomita 10 zuwa 15 sun ishe shi yini, a tashi bayan sallar asuba a sauka kafin rana ta take. Lokacinsa kuwa bayan an kawar da amfanin gona ne, cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da rafuka suka janye, ciyawa ta kwanta ana ganin inda ake sa ƙafa, kuma ba a ratsa shukar kowa ba. Babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu ya nufi ƙasar Bauchi shi ne ya fi saurin zuwa a rai, ni kuwa ina ganin shi ne mafi muni ga mai koyo, saboda manyan motoci da zafin kwalta. Hanyoyin kasuwa da ke haɗa ƙauye da ƙauye, waɗanda mutanen Birnin Kudu da Gwaram suka daɗe suna bi ranar cin kasuwa, sun fi shi inuwa da mutane. A tafi da aboki, domin an yi hani ga tafiyar mutum shi kaɗai, musamman da dare. A sanar da gida inda aka nufa, in kuma kwana ya kama a baƙon gari a fara da gaida mai unguwa, don a zamanin nan baƙon da ba a san da zuwansa ba abin zargi ne.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata, wanda shi ne ƙorafin da ba zan iya kawar da shi gaba ɗaya ba. Zango yana da daɗi, kuma daɗinsa na iya cinye tafiyar. A Sudan akwai dubban Hausawa da Fulani da Barebari da kakanninsu suka sauka don su yi damina ɗaya su wuce Makka, aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, wasunsu har yau suna ɗaukar kansu mahajjatan da ke kan hanya. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da jan jama'a gabas bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Ba ina zargin waɗannan bayin Allah ba ne. Talauci da iyakokin Turawa da nauyin iyali sun isa su tsayar da kowa, kuma niyyarsu tana wurin Wanda ya san ta. Amma labarinsu ya nuna cewa mai cewa sannu ba ta hana zuwa yana bukatar ya tuna da ragowar karin maganar, cewa akan daɗe ba a je ba. Rai ya iya yaudara. Yana iya kiran lalaci da sunan hikima, ya sa mutum ya shekara goma yana maimaita zango ɗaya mai sauƙi yana cewa shiri yake yi. Abin da ke raba mai hikima da mai yaudarar kansa shi ne ko yankin da ya zaɓa yana manne da wata hanya da ta fi shi tsawo, ko kuwa da'ira ce da ke komawa inda ta fara. Mutumin Risala da ya hau abin hawa an ce ya dawo ya taka inda ya tsallake, wato ana so ya riƙe lissafin abin da ya rage a kansa. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito game da aikin da Allah Ya fi so ya haɗa siffa biyu ne, ƙanƙanta da ɗorewa, kuma ta biyun ce ke ba ta farkon daraja. Saboda haka ban yarda da wanda zai ɗauki rabin maganata ya ce kaɗan ya isa ba. Kaɗan ya isa a yau, da sharaɗin gobe tana cikin lissafi.

Akwai kuma mai tambayar da ta fi duk waɗannan sauƙi: ga mota ga babur, me zai sa mai hankali ya taka? Manomin da ke zuwa gona a ƙafa kullum, da Bafulatanin da ke bin burtali da shanunsa, ba sa bukatar a koya musu tattaki, kuma gaskiya ne cewa takawa zuwa wani gari ba ibada ba ce a kan kanta. Risala ɗin nan ta nuna cewa wanda ya yi bakancen takawa don ya yi salla a wani masallaci da ba ɗaya daga cikin ukun nan masu alfarma ba, ya yi sallarsa a inda yake. Amma Alƙur'ani ya maimaita kira a wurare da dama cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda halitta ta fara da yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, kuma dubawa tana son saurin da ido zai iya bi. Mutumin wannan yanki ba sai ya je nesa ba. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da wasu mutane suka bari a jikin dutse tun zamanin da ba a rubuta sunayensu ba, da duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amsawa kamar ƙararrawa. Masu binciken kayan tarihi sun kai gare su a shekarun 1950, gwamnati ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa, amma motoci na wucewa ta garin dare da rana da fasinjojin da ba su san da su ba. Saurayin Yalwan Damai da ya ware safiya ɗaya ta hunturu, shi da abokinsa, da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli da dabino a aljihu, ya taka zuwa gindin waɗannan duwatsu ya tsaya gaban shanun da makiyayansu suka shuɗe, zai koma gida a mota in ƙafarsa ta gaji. Kafin ya hau, sai ya lura da masallaci ko tsamiyar da ya tsaya a gindinta, don daga nan zai ɗora in ya sake fitowa, ko ya nufi Gwaram ko ya nufi Dutse.